Gayya ta Uku

Ku 'ya'yan gidanmu, har da ke Nafisa da ba ki fara karatu ba tukuna, na gaji da jin labarina a bakin mutane. A gidan biki ana cewa na zagi Baba a gaban maza. A bakin famfo ana cewa wata ƙungiya ce ta zo da mota ta koya mini noma. Duka ƙarya ne. Ban zagi Baba ba, ƙanensa Baffa Sale na gaya wa magana, ita ma ba zagi ba ce. Mota kuwa ba wadda ta zo wurina. Don haka zan rubuta abin sau ɗaya yadda ya faru, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta.

Sunana Batula. An haife ni a ƙauyen nan na bakin bahar, wato babban kogin nan namu, na yi sakandare a Sinja, na gama na dawo gida. Sauran tarihina ba shi da wani daɗin ji. Shekarar da nake so ku sani ita ce wadda bahar ya cika ya ci ƙauyen su Baffa Sale. Da rana tsaka suka iso a karo, keken nan da jaki ke ja, shi da matarsa Goggo Habi da 'ya'yansu da tsohuwar surukarsa, ba su tsira da komai ba sai angarib biyu, wato gadajen igiya, da tukunya. Baba ya sa aka share musu ɗakuna. Daga ranar nan tukunyar Inna ta daina isa, sai da aka ɗora ta biyu. Bakuna sun ninka, gona kuwa tana nan yadda take.

Gonakinmu biyu ne. Akwai ƙarama ta bayan masallaci, mai kyau, amma ba ta ciyar da rabin gida. Akwai kuma tsohuwar gona, babba, wadda kakanmu ya sare da hannunsa. Tun ina yarinya Baba ke kiran mai tarakta ya zo da disk, garmar da tarakta ke ja, ya watsa dawa zalla, bana dawa, baɗi dawa, har ƙasar ta gaji, wuta-wuta ta mamaye ta. Ita ce ciyawar nan mai jan fure da muke kira buda da Larabci, wadda ke maƙale wa saiwar dawa ta tsotse ta tun daga ƙarƙashi. In kaka ta kusa sai ka ga gonar ta yi ja kamar an shimfiɗa tobe, mayafin nan na matanmu, dawar kuwa ko ƙugu ba ta kai ba. A shekarar ambaliyar, abin da muka kwaso daga can jaki ɗaya ya ɗauko shi bai yi nishi ba.

Mutanenmu suna da hanyarsu ta magance gonar da ta gaji, kuma sun gada. Kakanninmu matafiya ne, tun daga yamma suka taso. In ƙasa ta mutu sai a bar ta a matsa gaba a sare sabon daji. Haka kakan Baba ya yi, haka uban Baba ya yi. Abin da suka manta shi ne daji ya ƙare. Gabas manyan gonakin masu tarakta ne har inda ido ya tsaya, yamma bahar ne. Itacen da ya rage mana kaf shi ne kurmin bagaruwa da ke tsakanin gidajenmu da ruwa, wanda kakanmu ya hana a taɓa. Shi Baffa Sale ya sa wa ido.

Da rani ya yi nisa, rumbu ya yi ƙasa, suka zauna a rakuba, rumfar tsakar gida, da hantsi, Baba da Baffa da dattawa biyu na maƙwabta. Ni ce mai zuba jabana, wato gahawa. Baffa ya riga ya kai gatura wurin maƙeri an wasa su, suna jingine da bango suna ƙyalli.

"Yaya, ƙasar kurmin nan baƙa ce wuluk," in ji Baffa. "Shekara ukku za ta ba mu dawa ba taki ba komi. Itacen mu yi gawayi. Mi muke jira?"

"Tsoho ya ce kada a taɓa," in ji Baba.

"Tsoho bai ga yawan bakunan ga ba."

Na ajiye butar jabana. Na san ba a sa ni a maganar ba, amma haƙuri bai taɓa zama halina ba.

"Baffa," na ce, "ƙauyenku ma akwai kurmi a da, ko?"

"Akwai."

"Kuka sare shi kuka shuka albasa. Da bahar ya zo bai tarar da ko saiwa ɗaya da za ta riƙe gaɓa ba. Yanzu kuma namu kake so a sare, baɗi duka mu hau karo ɗaya, mu tafi gidan wa?"

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Wanda ya ji zagi a ciki ya nuna mini. Gaskiya dai wani dattijo ya ƙware da jabana. Baffa ya miƙe.

"Yaya, ɗiyarka ce wagga? Wannan shi ne karatun Sinja?"

Inna ta leƙo daga kicin, ludayi a hannu. "Batula! Zo nan, don ubanki!"

Baba ya ɗaga hannu. Mutum ne da ba ya son hayaniya, in ya yi fushi muryarsa ƙasa take yi.

"Bar ta. Ya bitti, ɗiyata, baki kowa na da shi. Kin hana a sare kurmi. To mi za mu ci?"

"Tsohuwar gona."

Dattawan suka yi dariya. Ni ban yi ba. Na gaya musu abin da na sani, kuma abu biyu ne kawai. Na farko a makaranta na gani: ustazarmu ta ilmin noma ta taɓa kaɗa busasshen karan wuta-wuta a kan farin ƙyalle, iri ya zubo kamar garin toka, ta ce kowane ƙwayar nan tana iya kwanciya a ƙasa shekaru tana jiran saiwar dawa. Na biyu a gayaunar Inna na gani, ɗan filin da ke bayan ɗakinta. Ita ba ta da tarakta, da hannu take shuka, layin dawa layin wake, yadda uwarta ke yi. Jan fure a wurin sai ka nema. Wake yana ruɗin irin ya tsiro, ya rasa abin kamawa ya mutu, kuma yana barin ƙasa da ƙarfi. Ba sabon abu na kawo ba. Namu ne, disk ne ya sa muka yar, don shi iri ɗaya yake watsawa.

"Wake abinci ne?" in ji Baffa. "Mahaɗi ne. Namiji ya yini gona ya dawo a ba shi wake?"

Baba ya daɗe yana juya finjali a hannunsa. Sannan ya yanke. Ya ba ni tsohuwar gona damina ɗaya. In dawarta ta cika ƙaramin rumbu, kurmi ya zauna. In ba ta cika ba, da an gama girbi gatura za su shiga, kuma ba zai sake jin bakina ba. Ya ƙara da cewa in ba Baffa haƙuri. Na durƙusa na bayar, don ubana ne. Maganar dai ban janye ta ba.

Ba zan cika ku da labarin wahala ba. Mun kwashe takin awaki na gida da na duk maƙwabcin da ya yarda, muka yi ta kai wa a jaki. Da ruwa ya sauka muka shuka da saluka, sandar nan mai ƙarfe a baki da ake takawa a huda ƙasa, ni da Inna da Goggo Habi da 'yarta Zulai, sa'ata. Goggo Habi ta zo ne ba da son mijinta ba. Ta ce ita ta ga ruwa ya ɗauke ɗakinta da idonta, ba ta bukatar wa'azi. Aka yi gayyar noman fari, aka yi ta maimai, maza suka zo kamar yadda aka saba, don gonar Baba ce ko da a hannuna take. Suna noma suna tsokana.

"Hajiya mai gona, nan layin mi ne? Kada mu nome miki digiri!"

"Nome wanda ka ga dama, Ɗanjuma," na ce, "in dai ba ka nome yatsanka ba kamar bara."

A nan ne abin yake, ku saurara da kyau. A garinmu noma biyu ake yi. Da an gama maimai an rataye fartanya, ba mai sake shiga gona sai girbi. Maza su tafi kamun kifi, wasu su tafi ƙodago garin Suki, mata su huta. Kowa ya san haka, kamar yadda ya san sallar Juma'a. Ita kuwa wuta-wuta a daidai lokacin nan take fitowa. Tana fure, ta yi iri, ta zubar, ba mai ce mata kanzil, don al'ada ta ce aiki ya ƙare. Shekara da shekaru da hannunmu muke ba ta hutu ta shuka kanta. Da na je gona wata safiya na ga jan fure ya fara leƙowa a gindin dawa, ba kamar na bara ba amma da yawa, na san in na bari ya bushe, na baɗi ya riga ya lalace. Mu huɗu ba za mu iya tuge gonar nan kafin ya yi iri ba. Sai gayya.

Na bi gida-gida. Ba a taɓa jin budurwa ta kira gayya ba, ba a kuma taɓa jin gayya ta uku ba. Wani ya ce in jira in yi aure mijina ya kira mini. Wani ya tambaye ni ko furen zan kai kasuwar Sinnar. Liman ya saurare ni har ƙarshe, mutumin kirki, sannan ya tambayi abin da ya fi kowa hankali.

"Ɗiyata, mi za ki ba su su ci?"

Nan ne na tsaya. Gayya ba a yin ta da baki, sai da abinci, kuma lokacin shi ne mafi tsanani a shekara, tsohon hatsi ya kusa ƙarewa sabo bai nuna ba. Da na taɓa rumbu Baffa zai ce na cinye abincin yara don wasa. Abu ɗaya ne nawa a duniya: jar akuyata. Haboba, kakata ta wajen uwa, ita ta ba ni ita tana 'yar ƙarama kafin ta rasu, ta ce ta haihu ta haihu, ranar aurena a sayar a yi mini kayan ɗaki. Kowace yarinya a garinmu da irin tata. Akuyar nan ta san takuna tun daga ƙofar gida.

"Ba ki da hankali," in ji Inna. "Wa zai ɗauke ki da tabarma ɗaya?"

"Wanda ke son cin tuwo baɗi."

"Haboba ta ba ki ita!"

"Haboba ce ta koya miki shuka wake a cikin dawa. Da tana nan da ita za ta riƙe ƙafafun."

Inna ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da gefen tobe. Na ja akuyar zuwa wurin Baba, don mace ba ta yanka. Ya dube ni, ya dubi akuyar.

"Kin tabbata?"

"Baba, rana na yi."

Ya ɗauko wuƙa. Ban juya baya ba, ko da yake na so.

Labarin nama ya fi labarin gayya saurin yawo. Maza ba su zo ba, sun ce ba za a gan su suna tsinkar fure ba. Mata ne suka cika gonar, tsofaffi da masu goyo da 'yan mata, wasu tun watanni ba su ga nama a miya ba, kuma ba su ɓoye dalilin zuwansu ba.

"Ni don hanta na zo," in ji Ta Annabi, wata tsohuwa mai bakin tsiya. "Furenki ya dame ki."

"Hanta tana ƙarƙashin layin can na ƙarshe, Kaka. Ki tuge ki same ta."

Suka shiga layi-layi suna tugewa, Zulai na ba da waƙa suna amsawa. Rigima ta tashi da na ga suna jefar da abin da suka tuge a kan iyaka, yadda ake yi da kowace ciyawa. Na ce a tattara duka a kawo tsakiyar fili a ƙona, don ko a tuge yake yana iya ƙarasa irinsa. Suka ce na cika iyayi, wa ya taɓa ƙona ɗanyar ciyawa. Na ce ba tukunyar da za a buɗe sai na ga hayaƙi. Aka zage ni da Hausa, aka zage ni da Larabci, aka kwaso. Muka haɗa da busasshen kara muka cinna. Sannan aka zauna gindin aduwa aka ci kisra, wainar dawar nan mai faɗi, da miyar jar akuyata. Ni ban iya ci ba. Ta Annabi ta lura, ta turo mini hantar da ta yi ta faɗa a kanta. Bayan haka, duk wanda ya sake leƙowa, ni da Zulai muka riƙa bi muna tugewa har dawa ta fitar da kai.

Waken ne ya fara ceton mu. Tun dawa ba ta nuna ba muka fara cin ganyensa, sannan ɗanye, sannan busasshe. Safe wake, rana wake, a dafa shi da mai, a yi ƙosai, a zuba a miya. Yara suka sa mini suna Batula Wake, har yau wasu ba su daina ba. Baffa yana ci yana mita, amma kwanonsa ba ya dawowa da saura. A watannin da kowace shekara Inna ke rage ludayi tana cewa ita ta ƙoshi, bana ba ta rage ba. Harawar kuma muka ɗaure muka ɗora a kan rakuba don awaki.

Dawar ta yi kyau, ta wuce kaina, kawunan da nauyi. Amma ba zan yi muku ƙarya ba: rabin gonar wake ne, kuma ƙasar da aka gajiyar shekara da shekaru ba ta warkewa a damina ɗaya. Baffa ya zaga gonar hannu a baya, ya dawo yana murmushi. Ya ce ba za ta cika ƙaramin rumbu ba. Na zaga ni ma, na san gaskiyarsa. Za ta kusa, amma ba za ta cika ba. Sharaɗi kuwa sharaɗi ne, a gaban dattawa aka yi. Ya sake fito da gatura ya goge su da mai. Na je kurmi na zauna a kan wata saiwa ina kallon ruwa, haushi ya hana ni kuka. Akuya ta tafi, itace kuma zai bi ta.

Akwai abu ɗaya da ake yi kafin girbi. Maigida yakan shiga gona shi kaɗai da sassafe da ƙaramar wuƙa, ya zaɓi kawunan da suka fi kyau, a rataye su a ɗakinsa, su ne irin baɗi. Ba mai taya shi, ko babban ɗansa. Kuma ba a ɗaukar iri daga gonar da za a bari. Shekaru ke nan Baba ba ya ɗauka sai a ta bayan masallaci. Ranar da ya fito da wuƙar, ina shara a tsakar gida, sai ya ce in ɗauko kwando in biyo shi. Muka fita. Da muka zo mararraba bai juya wajen masallaci ba. Ya miƙe hanyar tsohuwar gona.

Baffa ya gane kafin ni. Ya biyo mu da sauri, jallabiyarsa na kama ƙaya.

"Yaya! Ba a auna ba tukuna!"

"Na sani."

"Ba za ta cika ba, kai ma ka gani. Gaban mutane munka yi magana."

"Ba za ta cika ba," in ji Baba. "Ni na sa sharaɗin, ni kuma zan tsaya gaban mutanen in ce na sa shi ba daidai ba. Sale, bara na shigo gonar ga, na zaga ta duka, ban sami kai ɗaya da zan kai ɗakina ba. Dubi yanzu. Kuma tun da kunka zo, yaronka ko ɗaya ya kwana da yunwa?"

Baba ya ci gaba.

"Kurmi shekara ukku ka ce zai ba mu. Bayan ukkun fa? Wagga in an bi ta yadda yarinyar ga ta bi ta, jikokinka za su ci."

Har yau Baffa bai ce na yi daidai ba, ni ma ban jira ba. Gaturan dai da su ake faskare a gidan nan. Rumbun bai cika ba a shekarar, sai a ta uku. Wuta-wuta ba ta ƙare ba, kuma kada wanda ya ce muku ta ƙare, shi ya sa har yanzu ake fita bayan maimai, yanzu har da mazan da suka ce ba sa tsinkar fure. Da yaƙi ya koro dangi daga birni gidan ya sake cika, gonar nan ce ta riƙe mu. Aure kuma na yi, da tabarma da akwati ɗaya, babanki kuwa, Nafisa, da ya ɗauke ni haka bai mutu ba. In kuna son shaida ku zaga ta bayan gidajenmu, bagaruwa na tsaye, ruwa na wucewa ta bayanta.

Amma abin da nake so ku riƙe shi ne safiyar nan. Baffa ya juya ya tafi. Muka shiga cikin dawa, raɓa na jiƙa mu. Na gyara kwando ina jiran Baba ya fara yanka. Sai ya karɓe kwandon daga hannuna, ya ɗora a kafaɗarsa, ya juyo da ƙotar wuƙar wajena.

"Ke kika san ta," ya ce. "Zaɓi. Kuma ki yi a hankali, ya bitti, ko sau ɗaya a rayuwarki."